Naɗar Majalisin Ilimi na Intanet da Yaɗa Shi: Nazari a Ma'aunin Malaman Riwaya, da Misali daga Kankiya da Kusada

A ƙarshen watan Maris na 2020, bayan gwamnatin Jihar Katsina ta dakatar da sallar Juma'a da sauran taruka saboda annobar korona, an yi Juma'a a wani masallaci a garin Kusada, jami'an tsaro suka kama wanda ya ja sallar. Washegari matasa suka fito, aka ƙona ofishin 'yan sanda, aka rasa rai, aka kama mutane da dama. Ko me za a ce game da hukuncin abin da ya faru, ya nuna matsayin taron addini a zukatan mutanen wannan yanki. Ba a yi wata guda ba Ramadanan 1441 ya kama, Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci a Nijeriya ta shawarci malamai da su dakatar da tarukan tafsiri, su koma ga rediyo da talabijin da kafafen intanet. A wannan watan ne ɗalibai da yawa suka fara jin sunan Zoom, manhajar da masu shiga tarukanta a kullum suka tashi daga kimanin miliyan 10 a Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020.

Annoba ta wuce, masallatai suka sake cika, amma al'adar ta zauna. Dogayen yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 da na 2022 sun ƙara mata ƙarfi, domin ɗalibai sun shafe watanni a gida da waya a hannu. Kankiya tana kan babbar hanyar Katsina zuwa Kano, Kusada tana kudu maso gabas da ita, kuma 'ya'yan garuruwan biyu sun bazu a Katsina da Kano da Zariya da Abuja, wasu suna karatu a ƙasashen Larabawa. Taron bidiyo ya ba su damar zama gaban malami ɗaya ba tare da kowa ya bar inda yake ba. Wannan maƙala ba ta tsaya a kan halaccin taron kansa ba. Abin da take dubawa shi ne abin da yake saura bayan an tashi: faifan da aka naɗa, wanda yake fita daga hannun mahalarta ya shiga zaurukan WhatsApp da Telegram, ya sauka a katin memori a rumfar masu cajin waya, ya isa kunnen wanda bai san an yi zaman ba. Da'awar ita ce, naɗar majalisi da tura shi riwaya ce, tana da sharuɗɗan riwaya, kuma yawancin masu yin ta sun ɗauki aikin marawaici ba tare da sun ɗauki nauyinsa ba.

Abin da naɗi ya kiyaye

Adalci ne a fara da alherin abin. Ƙin naɗi baki ɗaya ra'ayi ne da ba shi da gindi a tarihin ilimin Musulunci. Hanin rubuta hadisi da ya zo ta hanyar Abu Sa'id al-Khudri a Sahihu Muslim yana nan, izinin da aka ba Abu Shah a shekarar buɗe Makka da sahifar Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi su ma suna nan, kuma al-Khaɗib al-Bagdadi (ya rasu 463 B.H.) ya tattara ɓangarorin biyu a Taƙyidul Ilmi, ya nuna cewa aiki ya tabbata a kan rubutawa da zarar dalilin tsoron ya kau. A ƙasar Hausa ma ba yau aka fara ba. Tafsirin Shaihu Abubakar Gumi da na Shaihu Ɗahiru Bauchi a Rediyon Kaduna sun shiga gidajen da malaman ba su taɓa takawa ba. Kaset ya biyo baya. Shaihu Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka kashe a Kano a Afrilun 2007, da Shaihu Muhammad Auwal Albani, wanda aka kashe a Zariya a Fabrairun 2014, har yau ana karatu da muryoyinsu, kuma akwai masu sauraronsu da ba a haife su ba lokacin da aka yi karatun.

A yanki irin na Kankiya da Kusada hujjar naɗi ta fi ƙarfi. Sabis yana yankewa, wuta ba ta tsayawa, kuɗin data ba kowa yake da shi a daren da aka sa karatu ba. Manomi a tsakiyar damina ba ya iya zama sa'a biyu gaban waya, matar aure mai hidimar gida haka, ma'aikacin asibiti da yake kwanan aiki haka. Zoom na kyauta yana katse taro bayan minti 40, sai a sake shiga, wasu su ɓace a hanya. Faifan da aka naɗa shi ne yake rama wa waɗannan abin da ya kuɓuce musu. Ta fuskar kiyaye lafazi kuwa, babu marubucin da ya taɓa kai na'ura: ba ta mantuwa, ba ta riwaya da ma'ana, ba ta musanya harafi da harafi.

Sai dai kiyaye lafazi sharaɗi ɗaya ne cikin sharuɗɗa, kuma shi ne mafi sauƙi.

Sama'i ne ko wijada

Malaman hadisi sun ƙidaya hanyoyin ɗaukar ilimi takwas, kamar yadda Alƙali Iyal (544 B.H.) ya shimfiɗa su a al-Ilma'u, Ibnus Salah (643 B.H.) ya bi shi a Muƙaddimarsa. Mafi ɗaukaka ita ce sama'i, wato jin lafazin malami, sai karantawa gare shi. Ta ƙarshe ita ce wijada: mutum ya tarar da rubutun wani malami, bai ji daga gare shi ba, bai sami ijaza ba. Mai wijada ba ya cewa wane ya ba ni labari, iyakarsa ya ce ya samu da rubutun wane. An naƙalto daga mafi yawan malaman hadisi da fiƙihu na Malikiyya cewa ba su ganin a yi aiki da ita, wasu masu tahƙiƙi daga Shafi'iyya suka ce ana aiki da ita idan an sami natsuwa da ingancin jinginawar, Ibnus Salah ya rinjayar da wannan saboda larurar zamani.

Wanda ya shiga taron bidiyo yana gudana, yana jin malami, yana iya tsayar da shi ya tambaya, yana da rabo mai ƙarfi a sama'i. Wanda faifai ya iske a zauren WhatsApp bayan wata shida kuwa, matsayinsa ya fi kusa da mai wijada, duk da cewa murya ta fi rubutun hannu ƙarfin shaida. Bambancin yana da tasiri a aikace. Ana yawan jin ɗalibi yana cewa ya ji Malam wane yana cewa kaza, alhali abin da ya ji minti biyu ne da wani ya tsakuro, ya tura wa wani, ya tura masa. Tsakaninsa da malamin akwai mutum uku ko huɗu da bai san su ba, kowannensu yana da ikon ragewa. Isnadi ne mai cike da majahilai, amma saboda muryar malamin ce take fita daga wayar, sai ya ɗauka isnadin ya tashi daga kunnensa ya faɗa bakin malami kai tsaye. Wannan ruɗin shi ne babban aibin faifai: yana ɓoye masu tsaka-tsaki.

Duk wanda ya taɓa duba rubutattun littattafan hadisi na Dimashƙa da Alƙahira na ƙarni na shida zuwa na takwas ya san abin da ake kira ɗabaƙar sama'i. A ƙarshen juzu'i marubucin zaman yakan rubuta sunan malamin da aka ji daga gare shi, da mai karatu, da sunayen mahalarta har da yara da mata, da wurin, da ranar, sannan ya ambaci wanda ya makara ko ya tashi kafin a gama, ya faɗi daga ina zuwa ina ya kuɓuce masa. Malaman sun tattauna ingancin jin mai kwafar littafi yayin karatu, da mai hira, da mai gyangyaɗi, suka so malami ya rufe zama da ijaza ga mahalarta don ta cike giɓin. (Da sun ga ɗalibin da ya kashe kyamara da makirfo yana ciniki a shago sunansa yana kan allo, da sun ƙara babi.) Abin lura shi ne, waɗannan mutane da ba su da na'urar ɗaukar murya sun kiyaye abin da na'urar take zubarwa: wa aka yi wa magana, yaushe, a ina, me ya ɓace. Faifan da yake yawo yau sau da yawa ba shi da kwanan wata, ba sunan littafi, ba lambar darasi. Inda sabis ya yanke muryar malami na daƙiƙa goma, ba mai sa alama, kuma daƙiƙa goma sun isa su haɗiye kalmar "ba" ko "sai dai idan".

Yanka

Ba a cika tura cikakken darasi ba. Nauyinsa ya fi ƙarfin data, haƙurin mai kallo ma bai kai ba. Shekaru da yawa WhatsApp yana taƙaita bidiyon da ake sawa a matsayin "status" ga daƙiƙa 30, kuma manhajojin gajeren bidiyo sun horar da ido a kan abin da bai wuce minti ɗaya ba. Don haka mai turawa yana zaɓe, kuma abin da yake zaɓa shi ne abin da zai sa a tsaya: kausasan lafazi, raddi ga wani malami, fatawa mai ban mamaki, barkwanci.

Malaman musɗalahi sun yi magana a kan taƙaita hadisi da yayyanka shi. Ra'ayin da aka inganta shi ne ya halatta ga masani, da sharaɗin abin da ya bari ba shi da alaƙa da abin da ya kawo ta yadda ma'ana za ta canza, kamar togiya da sharaɗi da gaya. Bukhari ya yayyanka hadisai a babuka daban-daban, amma Bukhari ne. Sharaɗin farko, wato sani, shi ne wanda ya fi ƙaranci a wajen masu yanka faifai, domin aikin yana hannun wanda ya fi iya waya, ba wanda ya fi fahimtar darasin ba.

A ƙaddara malami yana karantar da babin saki a Risala ta Ibnu Abi Zaid. Ya kawo matsayin mazhaba da jamhur cewa saki uku a kalma ɗaya yana aukuwa uku, sannan ya hikaito ra'ayin Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim cewa ɗaya ne, ya shimfiɗa hujjojinsu da kyau kamar yadda amanar ilimi ta ɗora masa, ya dawo ya tattauna su, ya rufe da cewa mas'alar da ta riga ta auku a kai ta gaban alƙali. Idan aka tsakuro minti biyun tsakiya, an sami faifan da kowace kalma a cikinsa ta malamin ce, kuma gaba ɗayansa ƙarya ce a kansa. Wani magidanci a ƙauye zai iya mayar da matarsa da wannan faifan. Wani malami a wani gari zai iya hawa mumbari ya yi raddi a kansa. Hikaito maganar abokin saɓani kafin a warware ta tsohuwar hanya ce ta karantarwa, kuma ita ce hanyar da yanka ya fi cutarwa, har wasu malamai sun fara gudun ta, suna kawo ra'ayi ɗaya tak don kada a yanke su. Hasarar wannan a kan ɗalibai take: an rage musu fiƙihun saɓani saboda tsoron wanda ba ya cikin ajin.

Akwai ɗaya gefen da bai kamata a rufe ido a kansa ba. Kalmar "an yanke maganata" ta zama mafaka. Malami zai saki lafazi marar kyau a kan wani mutum ko wata jama'a, idan aka yi ca a kansa sai ya jingina laifin ga mai yanka, alhali cikakken faifan bai fi guntun sauƙi ba. Maganin ɓarnar biyu ɗaya ne, shi ne samuwar cikakken asali da za a koma gare shi. Muƙabalar da gwamnatin Kano ta shirya a Yulin 2021 tsakanin Abduljabbar Nasiru Kabara da wasu malamai ta gudana ne a kan muryoyin karatunsa da aka naɗa, ana kunna su ana neman amsa, shari'ar da ta biyo baya ta ƙare da hukunci a Disamban 2022. Ba a kawo wannan don sake tattauna shari'ar ba. An kawo shi ne don a ga cewa faifan karatu ya zama abin da ake kafa hujja da shi a gaban hukuma, kuma sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya buɗe ƙofar karɓar abin da na'ura ta samar idan ya cika sharuɗɗa. Abin da zai iya kai mutum gaban alƙali bai dace a riƙe shi riƙon wasa ba.

Amanar majalisi

Nan ne matsalar ta fi tsanani, kuma nan ne aka fi sakaci. Majalisin ilimi kashi biyu ne: karatun littafi, da abin da yake biyo baya na tambaya da amsa. A zaure ko a masallaci, mai tambayar da ta shafi sirrinsa yakan jira jama'a su watse, ya matso kusa da malami, ya sassauta murya, ko ya rubuta a takarda ba suna. Taron bidiyo ya rushe wannan tsari ba tare da an lura ba. Mai tambaya yana ɗakinsa shi kaɗai, yana jin kamar da malami kawai yake magana, sai ya saki jiki. Sunansa yana rubuce a ƙasan hotonsa. Ya yi tambaya a kan rantsuwar da ya yi wa matarsa, ko gādon da 'yan'uwansa suka riƙe, ko bashin da ya kasa biya, ko waswasin da yake damunsa a aƙida. Mace ta yi tambaya a kan jini ko a kan abin da yake tsakaninta da mijinta. Duk wannan yana shiga faifai ɗaya da sharhin Ahalari ko Iziyya, a tura shi da sunan yaɗa ilimi.

A babban birni wataƙila murya ta ɓace cikin taro. A Kusada ko Kankiya ba ta ɓacewa. Gari ne da ake gane mutum da tarinsa, a san gidansu da surukansa. Tambayar da aka yi ba a ambaci suna ba, maƙwabci zai cike sunayen da kansa kafin faifan ya ƙare.

Hadisin Jabir da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito, Tirmizi ya kyautata shi, ya nuna cewa idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, maganar ta zama amana. Masu sharhi sun bayyana cewa waigen alama ce ta cewa ba ya son wani ya ji, don haka alama tana tsayawa matsayin furuci. Ba a buƙatar mai tambaya ya ce kada a yaɗa. Yanayin tambayar ya isa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a ƙudurinta mai lamba 79 da ta zartar a Brunei a 1993 kan sirri a aikin likita, ta tafi a kan wannan ma'ana: sirri ya haɗa da abin da alamomi suka nuna ana son ɓoye shi bisa al'ada, da abubuwan da suka keɓanci mutum waɗanda ba ya son a gani, kuma nauyin ya fi ƙarfi a kan masu sana'ar da mutane suke kai musu damuwarsu don neman shawara. Mufti yana cikin waɗannan ko da ba a ambace shi da suna ba. Ɗaya hadisin na Abu Dawud da ya togace majalisin da aka ƙulla zubar da jini ko keta farji ko cin dukiya ba da haƙƙi ba, malamai sun yi magana a kan isnadinsa, amma ma'anar togiyar tana da goyon bayan ƙa'idoji: babu amana ga makirci. Tambayar baiwar Allah a kan iddarta ba ta cikin wannan togiya ta kowace fuska.

Mai karatun musɗalahi zai iya kawo ishkali a nan, kuma ishkali ne na gaske. Ibnus Salah ya kawo cewa idan malami ya ce wa wanda ya ji hadisi daga gare shi kada ya ruwaito, ba tare da ya jingina hanin ga kuskure ko shakka ba, hanin ba ya ɓata sama'in, ba ya hana riwaya. An kuma san labarin Nasa'i da alƙalin Masar Haris ɗan Miskin, inda aka ce Nasa'i yakan zauna inda alƙalin ba ya ganinsa ya saurara, shi ya sa a Sunan yake amfani da lafazi na musamman idan zai ruwaito daga gare shi. Ashe ke nan izinin malami ba sharaɗi ba ne? Amsa ita ce, abin da ake magana a kai a can hadisin Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ba mallakar malamin ba ne balle ya hana. Wannan yana iya zama hujja ga ɗalibin da ya isar da abin da ya koya na nassi da hukunci. Ba ya zama hujja ga yaɗa fuskar mutum da muryarsa da sirrin gidansa, domin waɗannan haƙƙinsa ne. Labarin Nasa'i ma hujja ce a kan masu naɗi a ɓoye: tsantseninsa ya hana shi amfani da lafazin da zai nuna an nufe shi da karatun. Ya bayyana yadda ya ɗauka. Mai kunna manhajar ɗaukar allo a asirce ba ya bayyana komai.

Wasu masu shirya taruka suna ganin sanarwar da Zoom yake fitarwa cewa ana naɗa ta wadatar a matsayin izini. Ba ta wadatar ba. Sanarwar tana faɗin cewa ana naɗa, ba ta faɗin inda faifan zai je. Wanda ya yarda a ajiye don 'yan ajin da suka makara bai yarda a sa shi a Facebook ba, kuma izini a fiƙihu yana tsayawa inda mai shi ya tsayar da shi, lafazan ko al'adatan. Sannan sanarwar ba ta fita sam idan wani mahalarci ya ɗauka da wata manhaja ko ya kafa waya ta biyu gaban allo. Ajiyar ma ba ta da tabbas: a Afrilun 2020 jaridar Washington Post ta ba da rahoton dubban faifan tarukan Zoom da aka tarar a buɗe a intanet, ciki har da zaman jinya da azuzuwan yara, saboda an ɗora su a rumbunan da ba a kulle ba da suna iri ɗaya mai sauƙin nema. Dokar ƙasa ba ta yi shiru ba. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da sadarwarsu, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta sa bayanin lafiya da na aƙidar addini cikin bayanai masu buƙatar kariya ta musamman. Abin kunya ne ga majalisin da ake karanta Suratul Hujurati a cikinsa ya zama sai doka ta tuna masa wannan.

Fatawa da lokacinta

Ko an cire sirrin mutane, akwai magana da ta dace da wani zama ba ta dace da wani ba. Bukhari ya ƙulla babi a Kitabul Ilmi a kan keɓance wasu mutane da ilimi ban da wasu don gudun kada su kasa fahimta, ya kawo maganar Aliyu ɗan Abi Ɗalib a kan yi wa mutane magana gwargwadon saninsu, da hadisin Mu'azu wanda aka hana shi yi wa jama'a bushara don kada su dogara, bai faɗa ba sai dab da rasuwarsa. Shaɗibi (790 B.H.) ya faɗaɗa wannan a Muwafaƙat, ya tabbatar da cewa ba duk abin da yake gaskiya ake neman a watsa shi ba. Darasin da aka yi wa ɗalibai goma sha biyar masu karatun usulu a kan shubuhohin masu inkarin hadisi, idan ya faɗa wayar yaron da bai gama Arba'una ba, shubuhar ce za ta zauna masa, amsar ta wuce shi.

Lokaci ma haka. Ƙarafi (684 B.H.) ya yi gargaɗi mai tsanani a al-Ihkam da al-Furuƙ a kan daskarewa a kan fatawar da aka gina bisa al'ada bayan al'adar ta canza. An ruwaito cewa Abu Hanifa ya hana Abu Yusuf rubuta duk abin da ya ji daga gare shi saboda yakan ga ra'ayi yau ya bar shi gobe, Ahmad ɗan Hambali ma ya ƙi a rubuta ra'ayoyinsa. Faifai ba ya tsufa a ido. Misali mafi kusa shi ne nisabin zakka da mafi ƙarancin sadaki, wato rubu'in dinari, waɗanda ƙimarsu a naira take bin farashin zinariya. Adadin da malami ya faɗa a 2020 ya yi nisa ƙwarai da na yau bayan faɗuwar darajar naira tun daga 2023, amma faifan zai iya sake bayyana a kowane Ramadan kamar jiya aka yi shi. Haka fatawoyin lokacin annoba a kan tazara a sahu da barin jam'i. Malamin da ya janye wani ra'ayi kuwa, janyewar ba ta bin tsohon faifan zuwa wayoyin da ya shiga.

Gyaran wannan ba shi da tsada. Malami ya buɗe kowane zama da faɗin rana da wata da shekara, da sunan littafi da babi, da waɗanda ake karantarwa, da bakinsa, a cikin faifan, yadda ba za a raba su da shi ba sai da gangan. Wannan ita ce ɗabaƙar sama'i ta wannan zamani. A tsayar da naɗi kafin a buɗe tambayoyi, idan wata tambaya tana da amfani ga jama'a malami ya sake gina ta da lafazinsa a zama na gaba ba tare da mai ita ba, kamar yadda littattafan nawazil suka yi, inda suka kiyaye mas'ala suka bar sunan mai tambaya a mafi yawan lokuta. A wakilta mutum ɗaya sananne, mai fahimtar darasin, shi ne mai naɗi, shi ne mai fitarwa, duk guntun da ya fita ya ɗauki lambar cikakkensa.

Saura batun asali. Da yawa daga masu karantarwa sun ɗauki shafinsu na Facebook a matsayin taska, alhali tun Fabrairun 2025 kamfanin ya koma goge bidiyon kai-tsaye bayan kwana 30. Sakamakon shi ne cikakken darasi ya ɓace, guntayen da aka tsakuro su rayu, ya zama babu abin da za a auna su da shi. Wannan yana zuwa ne daidai lokacin da manhajojin kwaikwayon murya suka kai matsayin da za su iya ɗaukar 'yan mintuna na muryar mutum su ƙera magana da bai taɓa yi ba, kuma babu wanda muryarsa ta fi samuwa kamar malamin da yake da ɗaruruwan sa'o'i a intanet. Jamhur sun inganta jin hadisi daga bayan shamaki idan an gane muryar, suka kafa hujja da riwaya daga iyayen muminai da dogaro da kiran sallar Ibnu Ummi Maktum. Shu'uba ɗan Hajjaj (160 B.H.) ya saɓa, yana tsoron kada wani ya kwaikwayi muryar malamin, aka ɗauki ra'ayinsa a matsayin tsanantawa. Jamhur ɗin da kansu sun rataya ingancin a kan gane murya ko shaidar amintacce cewa malamin ne, kuma na farkon ya fara rauni. Na biyun ne ya rage, kuma yana buƙatar wani wuri sananne da yake riƙe da cikakken faifai da kwanan watansa: makarantar Islamiyya da malamin yake karantarwa, ko kwamitin masallacin Juma'a, ko sashen nazarin addinin Musulunci na ɗaya daga jami'o'in jihar. Ajiyar darussan shekara guda na malami ɗaya, idan murya ce kawai, ba ta cika katin memori ɗaya ba.